Gaisuwar Tsaye

A gidanmu a Gangara abu biyu muka gada, haƙar rijiya da ciwon gwiwa. Kakana ya haƙa, Baba ya haƙa, ni ma tun ina ɗan shekara goma sha biyar aka ɗaura mini igiya a ƙugu aka zura ni. Aiki ne da ake yi a tsugune tun safe har la'asar, kana saran ƙasa da dagi tsakanin ƙafafunka kana cika guga ana ja. Baba kuwa tun ina saurayi gwiwarsa ta dama ta lalace. Ya ce wata rana yana ƙasan wata rijiya a Bafarawa ya ji ta yi ƙara ta baya, aka kai shi wurin mai ɗori, aka ce targaɗe ne. Cikin shekara uku ƙafar ta karkace. Lokacin da abin da za ni faɗa ya faru, ya fi shekara bakwai bai miƙe tsaye ba, ɗaukarsa ake yi daga ɗaki zuwa tabarmarsa a gindin tsamiyar bakin rijiya.

Shekara biyu a jere damina ta yi mana gardama. Ta farko gero ya kai ga bununi ruwa ya ɗauke. Ta biyu sau uku muna shuka, sau uku rana tana ƙone ta. Rijiyar unguwarmu, wadda Baba ya haƙa da hannunsa, ta koma ba ta ba da komai sai laka. Ƙarin zurfi take so, amma ƙasan rairayi ne mai zubewa, sai da zoben siminti, mu kuwa ko abin da za a ci babu. Ƙanena Sani ɗan kabu-kabu ne a Sabon Birni, ko leƙa rijiya ya yi jiri yake ji, don haka duk unguwar ni kaɗai na rage mai shiga. Da na ji labarin masu garkar dabino a Aljeriya suna neman masu haƙa, na ce za ni. Baba bai hana ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka tahi, amma ka sani rijiyag ga kai taka jira."

A Agadas na fara sanin cewa jin Hausa a bakin mutum ba ya mayar da shi ɗan'uwanka. Wani Ɗanladi ya tare mu a tasha, ya ji muryata ya ce shi ma uwarsa 'yar garin Isa ce, har ya ambaci sunan unguwa. Ya haɗa mu da direban da ya rantse har cikin Tamanrasat za a sauke mu. Kwana biyu muna cunkushe a bayan mota, kowa ya rungume jarkarsa. A rana ta uku da hantsi direban ya tsaya a fili fetal, ya nuna wani ƙarfen sadarwa can nesa ya ce ga gari nan, mu ƙarasa da ƙafa, shi ba ya wuce nan. Ƙarfen nan muka bi har rana ta yi ja. Da muka isa babu gari, ƙarfe ne kawai a kan dutse. Wasu Buzaye masu raƙuma ne suka tsince mu, suka ba mu ruwa a kwano ɗaya ba su tambayi ko sunanmu ba, suka ɗora mu a kan hanyar gari.

A Tamanrasat Allah ya haɗa ni da Alhaji Muntari, wani tsoho mai garkar dabino a bayan gari. A ƙuruciyarsa ya yi fatauci har Maraɗi, saboda haka yana da 'yar Hausarsa ta ciniki, duk a karye. Ya dubi zanen fuskata ya ce, "Kai Gobir." Daga ranar sunana ke nan, Garba ya ɓace. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini, ya ja baya a firgice yana cewa in tashi, shi ba sarki ba ne. Kullum sai mun yi haka, ni ina tsugunawa shi yana ɗaga ni. Ban iya dainawa ba. A wurinmu yaro ba ya gaida babba a tsaye, kuma ni da shekara arba'in da shida ban taɓa yi wa Baba magana kaina yana sama da nasa ba.

Wata biyu ina yi masa aiki lafiya. Ƙasarsu tauri gare ta, ba kamar tamu ba, amma mai gaskiya ce, ba ta zube maka a ka. Ran da abin ya faru ina ƙasan rijiya a tsugune, na cika guga, na juya jikina in ɗaga shi ba tare da na gyara ƙafa ba. Sai na ji ɓas a bayan gwiwata ta hagu, kamar an tsinke tsohuwar igiya. Ba zafin ne ya fara kama ni ba, tsoro ne. Na zauna a kan ƙasar nan na ɗaga kai ina kallon ɗan hasken bakin rijiya, ba abin da nake gani sai ƙafar Baba.

Na ɓoye. Mutum bai ratsa sahara don ya kwanta ba. Na samu wani wanzami mutumin Tawa ya yi mini ƙaho, jini ya fita, ciwo bai fita ba. Wani mai tallan magani a kasuwa ya sayar mini da man jimina, na shafa kwana huɗu kafin abokin aikina ya sansana ya ce kitsen akuya ne da barkono. Na je wani ƙaramin asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce ƙashi lafiya lau, aka ba ni ƙwayoyi. Na yi murna da wannan magana, na koma rijiya. Amma tafiya kan miƙaƙƙiyar hanya kawai nake iya yi. Da na tsuguna sai in ji kamar an soka mini basilla ta ciki, gwiwar kuma ta kumbura da yamma.

Gaisuwa ce ta tona ni. Wata safiya na zo in durƙusa wa Alhaji, na kai rabi na kasa sauka na kasa tashi, sai da na dafa bango. Ya tsura mini ido ya ce, "Gobir, ƙafa yaya?" Na ce babu komai. Ya ce, "Ƙarya haram." Da ya ji a cikin rijiyarsa abin ya same ni, ransa ya ɓaci ƙwarai, ba don aikin da ya tsaya ba, don na yi mako shida ina ɓoye masa. Ashe yana da 'ya likitar ƙashi a Gardaya, can arewa. Shi da kansa ya zauna kusa da ni a motar safa kwana biyu, duk shingen da aka tsayar da mu ya ce ma'aikacinsa ne ni, kuma a wuyansa nake.

A asibitin ba na jin kowa, ba mai jina. Ina zaune a kan benci na rasa inda za ni sa idona, sai wata dattijuwa mai goge ƙasa ta tsaya a gabana da bokitinta. Ta dubi kumatuna, na dubi nata. Zane iri ɗaya.

Ta ce, "Kai, ɗan wane gida na a Gobir?"

Na ce, "Gangara, ƙasar Sabon Birni."

Ta ce, "Ni Tibiri. Mi ya kawo ka wanga wuri da ƙahwa ɗaya?"

Sunanta Mariama. Ta fi shekara ashirin a garin, aure ya kawo ta, mijin ya rasu ta zauna. Daga ranar ta zama bakina da kunnena, ni kuma nake ce mata Yaya.

Likita Samira, 'yar Alhaji, ba ta kai ƙanwata ta uku a shekaru ba, kuma ba na ɓoyewa, da farko raina bai kwanta da ita ba. Ta sa na kwanta, ta lanƙwasa ƙafar ta murɗa ta, ta bi tsagin gwiwar da babban yatsa har ta kai can baya ta ciki. Na yi salati da ƙarfi. Ta tambaya ta bakin Yaya Mariama ko na ji ƙara, kuma ko a tsugune nake lokacin. Na yi mamaki, don ban faɗa wa kowa ba. Ta ce hoton ƙashi ba zai nuna wannan ba, don ba ƙashi ne ya karye ba. Aka kai ni wata na'ura mai rami, aka tura ni ciki a kwance. Suna ta lallashina kada in ji tsoron ƙuncin wurin. Na ce wa Yaya ta gaya musu wannan ramin ko rabin wanda nake wuni a ciki bai kai ba, har gyangyaɗi na yi.

Da hoton ya fito likita ta yi dogon bayani. Yaya Mariama ta saurara, sannan ta kwance ɗankwalinta na sama ta naɗe shi ta yi gammo ta ɗora a tafin hannu.

Ta ce, "Ka ga wanga? Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi kamar gammo, shi ka ɗaukar nauyinka. Bakinai biyu a ɗaure suke ga ƙashi, shi suka ce ma saiwa. To taka saiwar ta baya ta tsinke. Gammon na nan, amma in ka taka sai shi zame gehe, ƙashi shi hau ƙashi."

Likita ta nuna mini a hoton. A wani yanki ana ganin baƙin abu mai kusurwa uku, a yanki na gaba inda ya kamata ya ci gaba babu komai sai fari. Na tambaya, in aka bar shi fa? Ta ce santsin kan ƙashin zai cinye da sauri, ƙafar ta karkace, wata rana tafiya ma ta gagara. Na ce a gaya mata ba sai ta ƙarasa ba, na san sauran, a gidanmu yake zaune. Ta ce nawa santsin bai riga ya lalace ba, ana iya mayar da saiwar wurinta, amma da na ƙara wasu watanni da ba ta yi mini wannan alkawari ba. Ranar na yi ta tunanin Baba. Shekara ashirin da wani abu muna cewa gadon gida ne, ashe wani ɗan abu ne da bai kai kan yatsa ba ya tsinke, ba a samu mai gani ba.

Allura suka yi mini a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma idona biyu. Ba ta tsaga gwiwar ba. Ƙofa biyu ƙanana ta huda, ta zura wani siririn ƙarfe mai ido, cikin gwiwata ya fito a allo fari tas, ruwa yana gudana. Na ga bakin guringuntsin yana reto. Ta soke shi da zare, sannan ta kafa wani abu a gaban ƙwaurina ta huda rami siriri daga ƙasa ya ɓullo daidai inda saiwar ta tsinke. Ta nan ta jawo zaren ƙasa har guringuntsin ya zauna a mazauninsa, ta ɗaure a kan wani ɗan maɓallin ƙarfe a jikin ƙashi. Ni da na san wahalar saita rami ya faɗa inda ake so, nan na sallama mata. Na ce wa Yaya daga baya ta gaya mata da a garinmu take da mun ba ta dagi.

Kashegari aka karanta mini dokoki. Mako shida ba za ni taka ƙafar ba. Ba za ni lanƙwasa ta fiye da zaman kujera ba. Babba a cikinsu, wata shida babu tsuguno, don tsuguno shi ke jan saiwar, kuma kafin nama ya kama ƙashi zaren nan kaɗai ke riƙe da ita. Sau ɗaya ya isa ya ɓata komai. Na tambayi salla, aka ce a kan kujera. Na tambayi kewayawa cikin jin kunya, aka nuna mini wata kujera mai rami. Sai na ce, "To gaisuwa hwa?"

Likita ba ta gane ba. Yaya Mariama ta ajiye tsumman hannunta, ta tsuguna har ƙasa a gabanta ta sunkuyar da kai, ta ce haka ake yi wa uba a ƙasarmu. Likita ta fara dariya, ta dubi fuskata ta daina. Ta ce babu tsuguno, ko gaban wa.

Wani ɗaki aka ba ni a bayan gidan ƙanen Alhaji. Kwanakin nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Kullum sai in ɗaga ƙafa a miƙe in sauke, in matse cinya in saki, ina kallon naman da dagi ya gina mini yana zubewa. Burodi da miyar wake, burodi da miyar wake. Wata Juma'a Yaya Mariama ta zo da kwano a rufe. Fura ce ta gero, ban san inda ta samo geron ba. Da ƙanshin ya buge ni na juya fuska ga bango na yi kuka kamar yaro, ita kuma ta yi kamar tana gyara labule har na gama.

A mako na biyar Alhaji ya zo duba ni. Ina tsaye a kan sanduna biyu a bakin ƙofa. Wallahi ban yi niyya ba, ina ganin farin gemunsa jikina ya kama hanyar ƙasa da kansa. Yaya Mariama ce ta cafke wuyan rigata ta baya har maɓalli ya tsinke.

Ta ce, "Kai Garba, kana da hankali kuwa? Ɗiyar mutane ta yi awa biyu tana ma ɗunki, za ka warware shi don ina kwana?"

Alhaji ya yi ta dariya. Ni ban yi ba. Na gane cewa abin ba a kaina yake ba, a ƙafata yake, kuma wannan Alhaji ne kawai, wanda ma ba ya so. To ranar da na tsaya gaban Baba fa?

Na so in cika wata shidan a can, amma da na cika na uku aka fara kamen marasa takardu a garin. Likita ta duba ni ta ƙarshe, ta ce in yar da sanda ɗaya, ta ɗaga yatsu uku a gaban idona, saura wata uku. Alhaji ya sallame ni da haƙƙina cif, ya sa ni a motar dabino mai zuwa kudu, a kan buhuna inda za ni miƙe ƙafa. Yaya Mariama ta ba ni saƙon turare in kai wa ƙanwarta a Tibiri. Ta ce, "In ka isa gaban tsoho ka tuna da wuyan rigarka." Kwana tara muka yi a hanya. Duk tsawonta ina shirya dabara ɗaya, in isa gida lokacin da Baba yake ɗaki shi kaɗai, in zauna a bakin gado in yi masa bayani ba mai gani.

Dabarar ba ta yi ba. Sani ya ɗauko ni a babur daga Sabon Birni, muka shiga Gangara da hantsi, ashe ranar aka fita roƙon ruwa. An dawo ke nan, dattawan unguwa duk suna zaune a gindin tsamiya kewaye da Baba, mata suna tsaye nesa kaɗan da tulunan da ba komai a ciki. Babur ya tsaya a tsakiyarsu. Sani ya sauka ya zube ya gaida kowa. Ni na tsaya a kan sandata na yi sallama.

Aka amsa, ana jira in durƙusa. Na ce, "Baba, ina kwana. Mun same ku lahiya?" Muryata ta fito daga sama, ni kaina na ji ta baƙuwa.

Baffa Ila, ƙanen Baba, ya ce, "Ikon Allah. Wata bakwai ƙasar Larabawa, an dawo muna da sabuwar gaisuwa. Garba, ubanka na kake ma magana kamar ɗan sanda?"

Wani ya ce ai ƙafa ce ke ciwo. Baffa ya ce ya ga ya sauka daga babur da ƙafafunsa, mai iya tafiya yana iya durƙuso. Kunya ta rufe ni. Na ji gwiwata ta fara saki, na ce a raina sau ɗaya ne, a hankali, Allah zai tsare. Na matsar da sanda gefe.

Baba ya ce, "Tsaya." Ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya ce, "Ta yi ƙara?"

Na ce, "Ta yi, Baba."

"Ta baya?"

"Ta baya."

"Ina kake sa'adda tay yi?"

"Ƙasan rijiya, a tsugune."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Mi anka yi mata?" Na gaya masa a taƙaice, gammo da saiwa da zaren da ke riƙe da ita, da cewa in na tsuguna kafin wata uku zaren na iya tsinkewa, in ya tsinke kuma ni da shiga rijiya har abada. Baffa Ila ya fara cewa su likitoci ba su san girman uba ba. Baba bai ko dube shi ba. Ya miƙa hannu ɗaya ga Sani, ɗaya ga Baffan, ya ce, "Ku tashe ni."

Sani ya ce, "Baba, ina za ka?"

Ya ce, "Nic ce ku tashe ni."

Suka kama shi ta hammata. Na ji ƙarar gwiwarsa daga inda nake, na ga gumi ya keto masa a goshi, ya ciji leɓe bai yi ko nishi ba. Shekara bakwai ban ga tsawonsa ba, na manta ya fi ni. Da ya daidaita ya miƙo mini hannu ya ce, "To, yanzu gaishe ni." Na kama hannun da hannu biyu na gaishe shi, hawaye yana zuba a gemuna. Dattawan nan da suka gan shi a tsaye, ɗaya bayan ɗaya suka miƙe, har wanda ya girme shi.

Damina ta zo ta yi rabin abin da aka roƙa. Na jira wata ukun nan, na ƙara biyu ina ƙarfafa cinya kamar yadda aka koya mini. Kullum da safe sai in jawo turmi kusa da tabarmar Baba in zauna a kai in gaishe shi, shi ya ce a yi haka. Bayan kaka muka sayo siminti muka zuba zobe, aka ɗaura mini igiya. Tsugunona na farko a ƙasan rijiyar na yi shi, a hankali, ina sauraron bayan gwiwata. Ba ta ce komai ba. Kwana goma sha ɗaya ina sara, a na sha biyu dagi ya fito da danshi.

Na damƙi rairayin na sa a aljihu na ce a ja ni. Ko ƙafa ban wanke ba na nufi gindin tsamiya, na tsuguna har ƙasa a gaban Baba, na buɗe tafinsa na zuba masa. Ya murza, ya kai hanci ya sansana. Ni kuma na ƙi tashi, ina rama na wata da watanni.

Sai ya dafa kaina ya ce, "Ya isa hakanan. Tashi, kada ka ɓata aikin ɗiyar mutane."